Yaya zan tsara wa ɗalibanmu shirin koyon tattalin kuɗi wanda ba za su watse daga gare shi ba?

Malamin Kwaleji ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da lissafi a wata kwalejin ilimi, kuma a farkon wannan zangon karatu shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai ya ɗora mini nauyin shirya wa ɗalibanmu darussan tattalin kuɗi, wato yadda mutum zai tsara abin da ya shigo hannunsa, ya yi tanadi, ya san sharuɗɗan bashi kafin ya ci, ya kuma gane ɗan damfara tun bai rabu da kuɗinsa ba. Abin da ya taso da maganar shi ne lamunin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai bashin karatu. Tun da aka buɗe shafin neman lamunin a watan Mayun 2024 ɗalibanmu da yawa suka shiga, ana biya musu kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun kwaleji, su kuma ana tura musu naira 20,000 a wata domin hidimar yau da kullum. Ga yawancinsu wannan ne karo na farko da kuɗi suke shigowa da sunansu, ba ta hannun uba ko yaya ba, kuma mun ga abin da ya biyo baya. A zangon da ya wuce ɗalibai biyu daga sashenmu sun kasa yin rajista a kan lokaci, saboda sun zuba kuɗin da iyayensu suka ba su a wata manhaja da ta yi musu alkawarin ninkawa cikin wata guda.

Na fara shirin kamar yadda na saba koyarwa. Na karɓi babban ɗakin taro, na shirya bayani a kan kasafi da tanadi da zuba jari, na yi magana kusan awa biyu. Ranar farko ɗakin ya cika har wasu suna tsaye, sai daga baya na ji cewa jita-jita ce ta bazu wai za a raba jari a wurin. A mako na biyu mutum 17 suka zo, a na uku kuma 9.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan zaman farko. Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta jira har kowa ya fita, sannan ta matso ta nuna mini fuskar wayarta, ta ce: “Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ni abin da ya rage a asusuna naira 1,300 ne, kuma saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Wanne zan tanada a ciki?” Ban iya ba ta amsa ba, kuma har yanzu ina jin nauyin hakan, domin na gane cewa na yi awa biyu ina yi wa masu albashi magana alhali waɗanda ke gabana ba su da shi.

Saboda haka nake neman shawarar waɗanda suka taɓa gudanar da irin wannan shiri ko suka san harkar kuɗi daga ciki. Me ya kamata a koyar, kuma a wane lokaci na zangon karatu? Wa ya fi dacewa ya tsaya a gaban ɗaliban? Akwai wani banki da ya nuna sha'awar ɗaukar nauyin shirin, da sharaɗin a ba ma'aikatansa dama su buɗe wa ɗalibai asusu a wurin, kuma ban yanke shawara ba tukuna. Sannan ta yaya zan gane ko shirin ya yi amfani, tunda yawan waɗanda suka cika ɗaki ya riga ya yaudare ni sau ɗaya?

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Na yi shekaru a teburin karɓar ƙorafin abokan hulɗa a wani reshen banki da ke kusa da jami'a, saboda haka zan yi magana ne a kan abin da na riƙa gani a gaban teburina.

Game da tayin bankin nan, shawarata ita ce ka karɓi taimakonsu idan za su bayar, amma ka raba darasi da talla. Ma'aikacin da za a turo maka yana da adadin asusun da aka ɗora masa ya buɗe a wata, kuma ba laifinsa ba ne idan ya mayar da zaman ya zama na cike fom. Ka rubuta abin da za a koyar da hannunka, ka ba su minti goma a ƙarshe su gabatar da kansu, teburin buɗe asusu kuma ya kasance a waje, bayan an tashi. Idan suka ƙi wannan sharaɗi, ka san abin da ya kawo su.

Game da abin da za a koyar kuwa, ni da kare abin da ke hannu zan fara, kafin a zo maganar ƙara shi. Ɗalibin da ba shi da rarar da zai tanada yana da abin da za a iya sace masa. Mafi yawan ɗaliban da suka zo wurina suna kuka ba wani babban kutse aka yi musu ba, kiran waya ne kawai. Wani ya kira ya ce daga banki yake, ya faɗi sunan ɗalibin daidai, ya ce za a rufe asusunsa yau idan bai sabunta BVN ba, sannan ya nemi ya karanto masa lambar da aka turo ta saƙo yanzun nan. Ba na mantawa da wani yaro da ya shigo da safe da takardar kuɗin makaranta a hannu, ya zauna yana ta maimaita cewa ai mutumin ya san sunan mahaifiyarsa. Ya karanto masa lambobi shida, kuma kafin ya sauke wayar daga kunnensa kuɗin sun fita. Abin da ɗalibai suke buƙatar su haddace gajere ne: babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin kati ko lambar da ake turowa ta saƙo, kuma duk wanda ya kira yana gaggauta ka, katse kiran ka tafi reshe da ƙafarka. Ka haɗa da gargaɗi a kan bayar da aron asusu. Akwai masu zuwa su ce wa ɗalibi za a turo kuɗi ta asusunsa, ya cire ya ba su, a ba shi ɗan wani abu, kuma ranar da aka bi sawun kuɗin damfara sunansa za a gani, ba nasu ba.

Abu na biyu shi ne su san bambancin inda doka ta tsare musu kuɗi da inda ba ta tsare ba. A 2024 hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya rushe, ta ɗaga inshorar ajiya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, a ƙananan bankuna kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, ta wannan hanya aka biya masu ƙananan ajiya. Manhajar da aka tallata wa ɗalibi a WhatsApp ba ta da wannan kariya ko kaɗan. Su kan nuna takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a matsayin hujja, alhali wannan takarda tana nuna cewa an yi wa kamfani rajista ne kawai, ba ta ba shi izinin karɓar jarin jama'a ba. Wannan izini daga hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari yake fitowa, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Ka sa su duba da wayoyinsu a cikin aji, su gani da idonsu.

Tunda lissafi kake koyarwa, Malam, kana da makamin da ni ban da shi. Harkar damfarar nan ta MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a kowane wata kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, CBEX kuma da ta rushe a Afrilun 2025 ninki ta riƙa yi wa mutane alkawari cikin kwana talatin. Ka ba su naira 10,000 a allo, ka ce su riƙa ƙara kashi 30 cikin 100 wata bayan wata. Za su ga ta haura 230,000 a shekara guda, a shekara uku kuma ta wuce miliyan 120. Sai ka tambaye su wace sana'a ce a Kantin Kwari ko Dawanau take haifar da haka, kuma me zai sa mai irin wannan sana'a ya buƙaci dubu goman ɗalibi. Idan su suka buga lissafin da kansu, ya fi zama a zuciyarsu fiye da gargaɗin kowane babba.

Ɗalibi Ɗan Aji Uku ya amsa:

Malam, da Hajiya da ta yi bayani a sama, ina gaishe ku da girmamawa. Ni ɗalibi ne a wata jami'a, kuma ina cikin masu karɓar lamunin da aka ambata. Ina neman afuwa idan maganata ta zo da tsauri, amma ina ganin zai yi amfani ku ji dalilin da ya sa irinmu ba ma komawa zama na biyu.

Naira 20,000 idan aka raba ta kwana talatin ba ta kai 700 a rana ba. A ciki ne za a ci abinci, a sayi data, a buga takardun aikin da malamai suka bayar, a hau mota ga wanda ke zaune a cikin gari, a sayi sabulu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabin abin da ɗalibi yake da shi idan gidansu da nisa. Amma ba wannan ne babban abin da masu koyar da kasafi suke mantawa da shi ba. Abin da suke mantawa shi ne kuɗin ba na ɗalibi shi kaɗai ba ne. Ranar da alat ya shigo, gida sun sani. Mahaifiyata ba ta taɓa roƙona ba, amma idan na kira na ji ƙanina ba shi da lafiya, ba zan iya buɗe littafin kasafi in ce babu gurbin magani a ciki ba. Abokin ɗakina da ya ciyar da ni mako guda lokacin da nawa ya ƙare, idan nasa ya ƙare dole in ciyar da shi, kuma a gaskiya wannan ciyayyar ita ce ke riƙe da yawancinmu har ƙarshen wata. Duk darasin da ya nuna mana cewa taimakon gida da na aboki ɓarna ce, mun riga mun rufe kunne daga gare shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a koya mana mu ware wa gida wani kaso tun ranar farko, mu faɗa musu adadinsa, domin mu iya cewa ya ƙare ba tare da jin kunya ba.

Abin da ya taimake ni ba a aji na koye shi ba. Wani yayanmu a ɗakin kwana, ɗan aji huɗu, shi ya ce mu shida mu haɗa kuɗi a ranar da suka shigo, kafin kowa ya taɓa nasa, mu shiga kasuwa mu sayi shinkafa da wake da garin kwaki da manja a kan sari, mu raba. Da aka yi haka, ko da asusu ya koma sifili a ranar ashirin ga wata, akwai abin da za a ɗora a kan risho. Daga baya muka ƙara da ɗan adashe na naira 1,000 kowane wata, wanda ya kwasa ya biya wata babbar buƙata, kamar gyaran waya ko kuɗin motar komawa gida. Ɗalibar da ta tambaye ka wanne za ta tanada a cikin 1,300, Malam, a ranar ba ta da amsa, domin amsarta tana ranar ɗaya ga wata, lokacin da 20,000 ɗin take cikakkiya.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba wanda zai ɗaga hannu ya faɗa a babban ɗakin taro, musamman a gaban malaminsa da 'yan mata: cacar ƙwallo da bashin manhaja. Na san waɗanda suke sa naira 200 ko 500 a kowane ƙarshen mako suna cewa ba komai ba ne, ba su taɓa tara jimillar ta wata guda sun gani ba. Na kuma san wanda ya ci bashi a wata manhaja, ya makara da kwana uku, aka tura wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cewa shi macuci ne, har da lambar kawunsa da ta limamin unguwarsu. Ya yi mako biyu bai shiga aji ba. Irin wannan magana sai a ƙaramin zama, mutum goma ko goma sha biyu, maza daban mata daban, kuma wanda zai jagoranta ya zama ɗalibi ne da ya girme mu da aji ɗaya ko biyu, wanda zai iya cewa shi ma ya taɓa faɗawa. Ku malamai ku horar da su, ku tsaya a baya, idan an kai ga abin da ya fi ƙarfinsu su kawo muku.

Mai Nazarin Tattalin Arziki ya amsa:

Malam, abin da ɗalibin nan ya faɗa daga rayuwarsa ya yi daidai da abin da masu bincike suka daɗe suna muhawara a kai, kuma ina ganin sanin muhawarar zai rage maka jin cewa kai ne ka gaza. A 2014 wasu masana uku, Fernandes da Lynch da Netemeyer, sun tattara bincike 201 da aka yi a kan ilimin kuɗi, suka gano cewa darussan da ake bayarwa ba su sauya halayen mutane sai ɗan ƙanƙani, kuma ko ɗan abin da suka sauya yana dusashewa, har ya zama bayan wata ashirin da wuya a ga alamarsa, ko da an shafe awoyi da yawa ana koyarwa. Shawarar da suka bayar ita ce a koyar da abu a daidai lokacin da mutum zai yanke hukunci a kansa. A 2022 kuma Kaiser da Lusardi da abokan aikinsu sun tattara gwaje-gwaje 76 daga ƙasashe 33, suka sami sakamako mai ƙarfafa gwiwa fiye da na farko, cewa darussan suna ƙara sani kuma suna gyara hali. Ni abin da na ɗauka daga haɗuwar biyun shi ne koyarwar tana aiki, amma lokacinta da siffarta su ne ke yanke hukunci.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jamhuriyar Dominika da ƙananan 'yan kasuwa, wanda Drexler da Fischer da Schoar suka gudanar. An koya wa wani rukuni ƙa'idojin lissafin kuɗi irin na makaranta, wani rukunin kuma aka ba su 'yan dokoki masu sauƙi, kamar a ajiye kuɗin sana'a a aljihun tebur guda, kuɗin gida a wani. Masu sauƙaƙan dokokin ne suka fi gyara yadda suke tafiyar da harkarsu, musamman waɗanda ba su da zurfin karatu. Sayen abinci a ranar da kuɗi suka shigo, kamar yadda ɗalibin ya bayyana, irin wannan doka ce, kuma ta fi bayanin awa biyu a kan kasafi.

Saboda haka ka daina tunanin kwas mai makonni a jere, ka dubi kalandar kwalejinku ka nemo ranakun da ɗalibi yake yanke hukuncin kuɗi. Makon sababbin ɗalibai shi ne lokacin maganar lambar sirri da 'yan damfara. Lokacin da ake cike neman lamuni shi ne lokacin da za a zauna a karanta sharuɗɗansa, domin da yawa suna ɗaukarsa kyauta ce daga gwamnati, alhali bashi ne, ko da yake babu kuɗin ruwa a kansa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. A ƙaddara ɗalibi ya karɓi 20,000 na wata goma a kowace shekara har shekara uku, ya tara 600,000 ke nan a wuyansa, ban da kuɗin makaranta. Ya kamata kowa ya rubuta nasa adadin da hannunsa. 'Yan ajin ƙarshe kuma su ne za a yi wa maganar albashin farko da fansho da alawus ɗin hidimar ƙasa, wanda ya kai naira 77,000 a 2025.

Wuri ɗaya da zan ƙara a kan bayanin Hajiya shi ne hauhawar farashi. Idan muka ce wa ɗalibai su yi ajiya kawai muka yi shiru, za su gane da kansu cewa mun ɓoye musu wani abu. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana naira 100,000 da aka ajiye shekara guda ba ta sayen fiye da abin da 74,000 take saya a lokacin da aka ajiye ta. Wannan tsoron narkewar kuɗi shi ne ƙofar da masu alkawarin ninki suke shigowa ta cikinta, don haka gara su ji gaskiyar daga bakinka.

Game da awo, kada ka ƙirga kujeru. Lusardi da Mitchell suna da tambayoyi uku da ake amfani da su a ƙasashe da yawa, ɗaya a kan yadda kuɗin ruwa yake taruwa, ɗaya a kan hauhawar farashi, ɗaya a kan hatsarin zuba jari a wuri guda. Ka mayar da su naira, ka yi su kafin shiri da bayansa. Amma sani daban, aiki daban, saboda haka ka ƙara da tambayoyin hali waɗanda za a amsa ba tare da rubuta suna ba: ranar nawa ga wata kuɗinka suka ƙare, ka ci bashin manhaja a wannan zango, nawa ka sa a caca a makon jiya. Ka maimaita su bayan wata uku, ka kuma yi wa wani ajin da bai shiga shirin ba, domin ka sami abin kwatantawa.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan 'yan'uwa kuma na amfana. Ina so in ja hankalin Malam ga wani abu da zai iya rufe masa ƙofa tun bai shiga ba, wato harshen da zai yi amfani da shi. A Hausa kalmar riba tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, wanda halal ne, kuma ita ce dai kalmar da malamai suke kiran abin da shari'a ta haramta na ƙari a kan bashi. Idan mai koyarwa ya tsaya ya ce asusun ajiya yana kawo riba, rabin ɗakin za su ji abu ɗaya, rabi su ji wani, kuma waɗanda suka ji na biyun ba za su yi gardama ba, za su daina zuwa ne kawai. Ya kamata tun zaman farko a tsayar da kalmomi, a ce kuɗin ruwa idan ana nufin ƙari a kan bashi ko ajiya, a bar riba ga ciniki.

Ba na goyon bayan a cire lissafin kuɗin ruwa daga darasin saboda wannan. Wanda zai guje wa abu shi ya fi kowa buƙatar ya gane shi idan ya zo masa da wani suna. Manhajar da ta ba ɗalibi naira 10,000 ta ce ya mayar da 12,000 bayan mako biyu tana iya kiran ƙarin da sunan kuɗin hidima, amma idan ya lissafa zai ga kashi 20 cikin 100 ne a mako biyu, wanda ya haura kashi 500 a shekara. Sai dai idan an nuna musu abin da za su guje wa, a nuna musu inda za su nufa. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kuma tun 2017 gwamnatin tarayya take fitar da sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da ake gina hanyoyi da kuɗinsa. Ɗalibai Kiristoci ma suna da damar shiga waɗannan, kamar yadda suke da damar zaɓar sauran, kuma aikin mai koyarwa shi ne ya shimfiɗa duka a gabansu da adalci.

A kan adashen da ɗana ɗalibi ya ambata, ina yaba musu, amma ina roƙon a ƙara masa abu ɗaya, shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na sha sasanta ɗalibai da abota ta lalace a tsakaninsu a kan naira 5,000, wannan yana cewa aro ne, wancan yana cewa kyauta ce, kuma babu wanda ya rubuta komai domin kowa yana jin nauyin ya ce a rubuta. Idan shirin ya koya musu cewa rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, umarni ne da aka yi wa mutanen da suka fi mu amana, ya yi babban aiki. Littafi ɗaya na naira ɗari biyu ya isa: sunan wanda ya zuba, ranar da ya zuba, wanda zai kwasa, da sa hannun mutum biyu.

Malamin Kwaleji ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai bayananku gaban shugaban sashen, kuma mun amince mu ajiye babban ɗakin taro. Za mu zaɓi ɗalibai 12 daga ajin ƙarshe, maza shida mata shida, in horar da su na tsawon Asabar uku, sannan kowannensu ya riƙe ƙaramin rukuni a ɗakunan kwana, a riƙa zama a makon da kuɗi suke shigowa. Lissafin kashi 30 cikin 100 da Hajiya ta kawo na riga na gwada shi a ajina na lissafi jiya, kuma da muka kai wata na 36 wani ɗalibi da ke zaune a baya ya ajiye alƙalaminsa ya yi shiru, bayan an tashi ya biyo ni ofis ya ce akwai kuɗinsa a irin wannan wuri yanzu haka, yana so ya san yadda zai fitar da su. Mun duba sunan kamfanin tare a shafin SEC ba mu same shi ba. Ya nemi a mayar masa da kuɗinsa tun a daren jiya, kuma muna jira mu ga ko za su fito.

Na aika wa bankin da sharaɗin da Hajiya ta ba da shawara, ba su amsa ba tukuna. Tambayoyin awo kuma zan rubuta su a wannan mako, kuma zan so Mai Nazarin Tattalin Arziki ya duba mini su kafin in raba.

Abin da ya rage mini shi ne ɗaliban da ba sa kwana a cikin makaranta, waɗanda su ne suka fi yawa a wurinmu, kuma da yawa daga cikin matan matan aure ne da suke wucewa gida da zarar an tashi daga darasi. Ɗalibar da ta nuna mini naira 1,300 tana cikinsu. Zaman ɗakin kwana ba zai same su ba, sayen abinci a haɗe ma ba lallai ya dace da wadda take dafa wa gida guda ba. Ɗana ɗan aji uku, idan akwai irinsu a ajinku, ina so ka tambayar mini su wane lokaci ne da wane wuri zai yi musu, kuma wace buƙata ce take fara cinye musu kuɗin wata.